Gemun Malam Habibu

Yaran da nake zama da su a shagon mamak, wato shagon shayi da abinci na Indiyawa, a unguwar Sri Petaling nan Malesiya bayan la'asar, ɗaliban da iyayensu suka turo karatu, sun raɗa mini suna Baba Sikanin. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar da ɗayansu ya yi ran nan, yana yagar gurasar roti yana dariya. Ya ce, "Baba, ai aikinka easy ne wallahi. Ka matsa jel, ka goga abu a ciki, ka kalli talabijin, ka ce mace ce ko namiji. Ni ma boleh, zan iya." Sauran suka fashe da dariya. Na ce masa Allah ya sa ya iya. Ban ƙara komai ba, domin ƙafafuna na ciwo, kuma bakina ba ya saurin haɗa magana a cikin surutu. Shi ya sa na zauna na rubuta. Wanda ya ga dama ya karanta.

Sunana Isyaku, mutumin Kano ne. Karatuna bai yi nisa ba: sakandare, sai takardar makarantar koyon aikin lafiya. Aikin kansa a hannun wani dattijo na koye shi, Malam Tanimu, a wani ƙaramin asibitin kuɗi. Wata uku na yi ban taɓa jikin mutum ba. Kullum da safe sai ya aike ni kwata in sayo hantar saniya. Ya juya mini baya, ya cusa mata ƙwallon dabino ko tsinken tsire, ya ɗaure ta a leda, ya miƙo mini. "Nemo." Ranar da na fara ganin tsinken a allon inji sai na yi tsalle na ce ga shi. Ya buge mini hannu. Ya ce, "Ka ga kansa. Ina gindinsa? Duk abin da ka gani, ka bi shi har inda ya ƙare. In ba ka ga ƙarshensa ba, ba ka ga komai ba." Allah ya jiƙan Malam Tanimu. Sau dubu ya faɗa mini wannan magana, kuma ranar da na fi bukatarta na ajiye ta.

Bari in yi muku bayanin injin a taƙaice, tunda kun ce talabijin ne. Ba hoto yake ɗauka kamar kyamara ba. Ƙara yake aikawa cikin jiki, wadda kunne ba ya ji, ta bugi nama ta dawo, shi kuma ya zana abin da ya dawo. Ruwa da mugunya baƙi suke fitowa. Ƙashi farin layi ne, bayansa sai duhu. Abin da muke riƙewa a hannu mu ɗora a jiki, mukan ce masa kan inji, iri-iri ne: akwai mai lanƙwasa na duba ciki, akwai miƙaƙƙe ɗan siriri na duba abin da ke kusa da fata. Akwai wani maɓalli da ake murzawa a ƙara zurfi ko a rage. Babban abokin gaban injin nan kuwa iska ce. In iska ta shiga tsakanin kan inji da fata, ko da kamar kaurin takarda, ba abin da za ka gani sai hazo. Amfanin jel ke nan, korar iska. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Na zo ƙasar nan ne da wani likita da ya zo ƙarin karatu, ya koma, ni na tsaya. Na samu aiki a wani ƙaramin asibiti a bayan Bukit Bintang, inda Larabawa da 'yan Afirka suka fi zuwa. Mai wurin wata likita ce 'yar asalin Indiya, Dakta Mala, mace mai faɗa amma mai gaskiya. Ni nake ɗaukar sikanin in rubuta abin da na gani, ita ta duba hotunan ta sa hannu. In Bahaushe ya zo, ni ne kuma tafinta, domin ko mai Turanci ne, in ciwo ya kama shi da Hausa yake son ya faɗa. Na ga masu ciki ba iyaka. Na ga tsakuwar ƙoda a jikin direbobi da ba sa shan ruwa. Na taɓa gano wa wani Bayamane ƙayar kifi da ta yi wata biyu a tafin hannunsa, likitoci uku sun ce babu komai. Ranar nan har shinkafa da rago ya aiko mini. Irin wannan ne ya sa kaina ya fara girma.

Sai shekarar annoba ta zo, shekarar da aka kulle gari kowa ya ɗaura takunkumi. Ma'aikatanmu biyu suka tafi. Na zama ni ne mai sikanin, ni ne tafinta, ni ne mai goge gado bayan kowane maras lafiya. Gilashin idona kullum a cike da tururi. A wannan shekarar Malam Habibu ya shigo.

Malam Habibu mutumin Zariya ne, yana karatun digirin dakta da tallafin gwamnati, yana zaune da matarsa da 'yarsu ƙarama. Shi ke jan mu salla in mun taru, shi ke mana karatu da azumi. Na girme shi da kusan shekara ashirin, amma a gabansa ɗalibi nake, a ƙasa nake zama in ya buɗe littafi. Yana da gemu baƙi ƙirin, cikakke, irin wanda ake tajewa a shafa wa mai.

Ya zauna, ya janye takunkumi, ya raba gemun da yatsu biyu. A tsakiyar haɓa, can ƙasa, akwai wani ɗan ƙurji ja kamar ƙwayar gero uku a haɗe, fatar gefensa ta ɗan lotsa ciki. Ya ce, "Baba Isyaku, maruru ne ya ƙi ji. Ya fashe ya bushe, bayan kwana goma ya dawo. Na sha magani har na gaji. Ina jin takunkumin nan ne ke goga shi."

Kowa a lokacin takunkumi yake ɗora wa laifi, kuma da yawa gaskiya ne. Dakta Mala ta leƙo, ta duba daga nesa, ta ce mini da Turanci in tambaye shi ko yana da matsalar haƙori. Ita ta yi aikinta. Ta yi tambayar da ta kamata.

Na juya na ce, "Malam, ya haƙora? Ba wanda ke damunka?"

Ya ce, "A'a, da sauƙi, alhamdu lillahi."

Na juya na ce wa Dakta ba shi da matsalar haƙori.

To ku dubi nan da kyau. Wane Bahaushe ne bai san "da sauƙi" ba? Na ga mutumin da ke kwance an sa masa robar numfashi, aka ce ya jiki, ya ce da sauƙi. Mahaifiyata ta ce mini da sauƙi ana gobe za ta rasu. Kuma mai lafiya ƙalau ba ya cewa da sauƙi, cewa yake yi lafiya lau. Duk inda aka ce da sauƙi, to akwai abin da ya yi sauƙin. Da Bature ne ko ɗan Malesiya ya yi wannan kuskure, da na yi masa uzuri. Ni an ajiye ni a ɗakin nan ne saboda na san abin da ke bayan maganar mutanena. Na ji kalmar sarai. Amma malamina ne, ya ce a'a, sai na ji nauyin in sake tambayarsa kamar ina tuhumarsa da ɓoye magana. Na yi masa kara.

Kara ta biyu ta fi ta farko muni. Gashi yana riƙe iska. Ƙa'idar aiki ita ce a aske wurin, ko da kamar faɗin farce, kafin a ɗora kan inji. Reza tana cikin durowa, hannuna ya ma taɓa ta. Na dubi gemun, na dubi mutumin, na kasa buɗe baki in ce wa mai jan mu salla zan sa masa reza a gemu. Sai na lafta jel a kan gashin na danna da ƙarfi. Dannawar kuma ta matse duk wata hanya da ke ƙarƙashi. Hoton ya fito da hazo. A sama-sama na ga wani ɗan baƙin kwalli kamar wake. Ban murza zurfi ba, ban karkata kan inji ba, ban bi shi har inda ya ƙare ba. Na auna shi, na rubuta cewa ƙullutu ne na ƙarƙashin fata da ya yi mugunya. Dakta ta duba hoton da na ba ta. Abin da na ɗauka shi ta gani. Ta sa hannu, ta tura shi wurin likitan fiɗa.

Aka aske rabin haɓar gaba ɗaya, aka yanka, aka cire, aka ɗinke. Wata ɗaya wurin ya yi kyau. Sai ya dawo, a kan ɗinkin. Aka ce ba a kwashe duka ba, aka sake yankawa, wannan karon da faɗi, aka aika naman a gwada. Sakamako ya ce kumburi ne kawai. Bayan sati shida ya sake fashewa. Duk wannan da takardata a saman fayil ɗinsa, kowane likita ita yake fara karantawa.

Malam ya rame. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ya ɓata masa ciki. Ya daina jan salla ko a gidansa in an yi baƙi, domin ruwan na zuba a kan riga, yana shakkar tsarkinsa. Rubutun digirinsa ya tsaya, wa'adin tallafinsa kuma na tafiya. Daga ƙarshe likitocin suka ce za su yi aiki na uku: su yanke fatar haɓar da faɗi har kusa da ƙashi, su ɗebo fata daga wani wuri su liƙa. Suka sa rana. Ya gaya mini a waya cewa in an gama zai tattara iyalinsa ya koma gida, karatun ya haƙura. Na ce Allah ya ba da lafiya. Ko a lokacin ban yi tunanin komai ba.

Saura kwana tara aikin, ranar wata Asabar da aka fara buɗe shaguna, na je titin Jalan Tuanku Abdul Rahman neman yadin jallabiya. A wani shagon mayafai na ci karo da matarsa, Maman Hafsa, tana ɗaga gyale tana ajiyewa, tsarabar komawa gida take haɗawa. Muka gaisa. Na ce ya mai jiki.

Ta ce, "Da sauƙi, Baba." Sai ta ninke gyalen da ke hannunta. "Wallahi Baba abin nan ya ishe mu. Mutumin da ko ciwon kai ba ya yi. Tun da muka zo ƙasar nan ban taɓa ganin ya kwanta ba, in ba lokacin haƙorin nan ba."

Na ce, "Wane haƙori?"

"Ai Hafsa ce. Ya ɗaga ta sama yana mata wasa, ta sauko da ƙeya ta gabje masa baki. Sati biyu bai ci abu mai tauri ba, kullum kanumfari a baki kamar mai sayar da shi. Ga shi asibitin haƙori ba sa karɓar mutane a lokacin. Sai Allah ya taimaka ya daina da kansa."

"Kafin marurun ko bayansa?"

Ta ɗaga ido tana lissafi. "Kafin. Da kamar wata uku."

Na ajiye yadin da na ɗauka. Mai shagon yana ta kira na, "Uncle, uncle, murah lah," wai da araha, ban waiwaya ba.

Ga abin da ya kamata ku sani, kuma na san shi tun kafin a haifi wasunku. Haƙorin da ya yi ciwo ya daina da kansa, sau da yawa ba warkewa ya yi ba, mutuwa ya yi. Jijiyarsa ta mutu, ba ta da bakin yin ƙara. Sai ta ruɓe a ciki, mugunya ta taru a gindin saiwar, ta rasa hanya, ta huda ƙashi a hankali, ta bi ta cikin nama ta ɓullo a fata: a haɓa, a kumatu, a ƙarƙashin muƙamuƙi, wani lokaci har kusa da hanci. Tunda ta samu mafita, babu kumburi, babu zafi. Maras lafiya zai rantse maka haƙoransa ƙalau, kuma ba ƙarya yake yi ba. Abin da ake gani a fata bakin magudana ne kawai. Ka yanke shi sau goma, muddin rijiyar na can ciki, sai ya sake ɓullowa.

Ranar Litinin da safe na sa Malam ya zo. Na fito da reza na ajiye a kan tire, a fili. Da ya janye bandejin sai na ga ba ni da bukatarta. Wuƙar likita ta riga ta yi askin. Tsakiyar haɓar ta zama tabo, sumul, faɗin babban kwabo, ko gashi ɗaya babu.

Na tara jel da kauri kamar ana shafa wa bango siminti. Na ɗora siririn kan inji a hankali, ina riƙe da nauyinsa a hannuna don kada ya danna. Ga baƙin kwallin nan. Na murza zurfi. Na karkata kan injin sama, wajen leɓe, kaɗan-kaɗan. Sai ga wutsiya ta fito daga bayan kwallin, wani baƙin zare mai ɗan kauri, yana lanƙwasa yana hawa. Na bi shi. Na dafe gwiwar hannu a gefen gado na ci gaba da bi. Ya kai ni har farin layin ƙashi, kuma daidai inda ya taɓa, farin layin ya yanke, kamar katangar da aka cire wa bulo ɗaya. Na kunna kalar da ke nuna gudun jini, ja da shuɗi suka taso a gefen zaren, alamar wurin a ƙule yake da kumburi. Duka bai kai minti huɗu ba.

Na ce, "Malam, buɗe bakinka."

Ya buɗe. A cikin haƙoran gaba na ƙasa, ɗaya ya yi launin toka a tsakanin farare. Ba rami, ba tsutsa. Na sa safar hannu na shafa tsakanin leɓe da dasashi, na ji wani abu kamar igiya a ƙarƙashin yatsana. Wata goma sha ɗaya ke nan, ba wanda ya ce wa mutumin nan ya buɗe baki, domin takardata ta ce ƙullutun fata ne kawai.

Na kira Dakta Mala. Ta tsaya a bayana ta kalli allon, ta daɗe. Sannan ta ce, "Uncle, ranar farko na ce ka tambaye shi haƙori." Na ce haka ne. "Me ya ce?" Na faɗa mata kalmar, na fassara mata ita yadda take a gaskiya, na kuma gaya mata maganar rezar. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ɗauki waya ta kira likitan fiɗa ta ce a dakata, ta rubuta takarda zuwa likitan haƙori. A ƙasan sabon rahoton ta sa na rubuta da hannuna cewa hoton farko bai cika ba. Na rubuta. Yana nan a fayil har yau.

Likitan haƙori ya ɗora wa haƙorin abu mai sanyi, Malam bai ji komai ba. Hoton ƙashi ya nuna duhu a gindin saiwar. Ya huda haƙorin ta baya, ya wanke ruɓaɓɓiyar jijiyar, ya cike. Zuwa biyu. Ko cire shi ba a yi ba. Kafin sati uku bakin ƙurjin ya bushe, bai sake dawowa ba. Ba wanda ya sake taɓa haɓar da wuƙa.

Na je har gidansa na same shi. Na zauna a ƙasa inda na saba zama. Na ce, "Malam, yanka biyun nan da aka yi maka, ni na jawo. Na ji ka ce da sauƙi ban bi ba. Kuma ya kamata in aske wurin, na ji nauyinka."

Ya shafa tabon da babban yatsa. Ya ce, "Allah ya riga ya rubuta, Baba. Ni ma ai da na faɗa maka na bugu." Sai ya yi ɗan murmushi. "Amma da ka ce in aske, wallahi da na aske. Lalura ce. Wannan ko a littafin farko na fiƙihu akwai shi."

Maman Hafsa ta ajiye mana shayi, ta koma ciki. Daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu da ita, kuma ban ga laifinta ba.

Faɗin farce na ji nauyin askewa, wanda da sati uku zai tofo. Na bar shi da faɗin kwabo wanda ba zai ƙara tofowa ba har ya koma ga Allah.

Tun daga lokacin na ga irin wannan ƙurji sau da dama: a kumatun wata 'yar Sudan, a muƙamuƙin wani mai gadi ɗan Nepal. Ba na tambayar kowa ko haƙori na masa ciwo. Cewa nake yi, "Wane haƙori ne ya taɓa yi maka ciwo ya daina?" Sannan in yi shiru in jira, ko minti nawa ne. Reza kuma a kan tire take, ba a durowa ba. Yanzu kafaɗata ta dama ta gaji, ba na iya riƙe kan inji a sama ba tare da na danna ba sai na ɗan lokaci, idona ma sai da gilashi biyu. Na gaya wa Dakta ta fara neman wani. In ɗayanku ne zai zo, ya zo. Zan aike shi kasuwa ya sayo hanta.

Malam Habibu ya gama karatunsa, da jinkirin shekara guda. Bara ya dawo karɓar takardarsa, muka haɗu bayan sallar Juma'a a bakin masallaci, mutane na ta neman takalmansu. Gemun ya fara furfura. Yana taje shi daga gefe biyu zuwa tsakiya don ya rufe wurin, amma in iska ta kaɗa ana gani. Muka riƙe hannun juna muka daɗe muna gaisawa, ya iyali, ya Zariya, ya Hafsa. Sannan na ce, "Malam, ya haɓar?"

Ya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Ban saki hannunsa ba. Na jawo shi gefe inda haske yake, na sa gilashina na biyu. Na ce, "Malam, ka yi haƙuri. Buɗe bakinka."